Ruwan da Na Haye Zuwa Makaranta

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Iyakar karatuna firamare, kuma ina tsoron rubuta abin da ba haka yake ba. Amma murna ta hana ni zama.

Jikata ce ta jawo. A makarantarsu a Camberwell, nan ƙasar Turawa inda muke zaune, aka ce kowa ya kawo labarin kakansa. Na gaya mata mu a ƙauyenmu na bakin Tafkin Chadi, kan gora muke kifa ciki mu haye ruwa zuwa aji, littafi ɗaure a ka. Ta duba taswira a wayar uwarta, ta nuna mini sunan ƙauyen a tsakiyar busasshiyar ƙasa.

"Tsoho, ina ruwan? A yashi ka yi iyo?"

"Ke amarya, mijinki ba ya ƙarya."

Da baki na faɗa, amma ni kaina na fara shakka. Idan mafarki na yi fa? Idan na sa yarinya ta tsaya gaban aji ta yi ƙarya da sunana? Tuwo ma ya daina shiga.

Sai uwarta, wato 'yata, ta samo kwafin wata tsohuwar taswira ta zamanin Turawa a wani ɗakin karatu wajen unguwar Aldwych. Sai da ta rantse mini an ba ta izini kafin na taɓa, kuma na wanke hannu. Muka shimfiɗa a tsakar falo. Shuɗi! Shuɗi ko'ina, da ƙananan zane kamar ciyawa inda fadama take. Ga sunan ƙauyenmu a bakin ruwa, can nesa da inda waya ta sa shi. Sai na tuna: mutanenmu in ruwa ya canza wuri sukan tashi, su tafi da sunan garin.

Na kifa ciki kan matashin kujera ina tuƙi da hannu a kan kafet. Jikar ta hau bayana tana ihu, maƙwabcinmu na hawan ƙasa yana buga silin ɗinsa.

Ta kai labarin aji, har aka yi mata tafi. Amma makarantar tamu ba ta cikin taswirar, jikar kuwa ta riga ta ce musu akwai. Rumfar zana ce a ƙarƙashin tsamiya, a kan wani tudu, ƙararrawarta tsohon ƙarfen tayar mota. Don Allah, duk wanda ya zauna a ajin nan, ko babansa ya zauna, ya aiko mini ta hannun masu buga wannan. Mutum ɗaya ya ishe ni.