Ƙofar da Na Hana a Buɗe

Yanar ido ce ta kai ni Kuala Lumpur. Babban ɗana da ke karatu a can ya ce in zo a cire min. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, a nan ma ba zan fara ba. An yi aiki lafiya, likita ya ce in guji rana da ƙura, sai na zama ɗan zaman ɗaki a wani dogon bene a unguwar Setapak, ni da surukata da jikoki. Na yi rayuwata ina tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Ikko, sai ga ni ina tsoron lif ɗin hawa bene. Wuni nake a bakin taga ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa a saman gada.

Ban warke ba makarantar ɗan nawa ta tura shi wani gari a can ƙarshen arewacin duniya, wai zai auna ƙasar da ƙanƙararta ba ta narkewa. Garin ba shi da hanyar mota. Jirgin sama ne kaɗai ke shiga, shi ma sai iska ta yarda. A watannin da ya je rana ba ta fitowa gaba ɗaya, da agogo yake salla. In ya kira mu ta bidiyo, mu muna gumi fanka na juyawa, shi kuma gemunsa da ƙanƙara.

Ya ba ni labarin garin. Mutane kaɗan ne, kowa ya san kowa, amma duhu da zaman banza sun sa wasu shaye-shaye. Ana faɗa, ana fasa shago. Akwai kuma wata farar dabba da ta fi bijimi girma, takan shigo gari ta kashe mutum. Saboda ita da kuma sanyi, al'adarsu ba a kulle ƙofar waje, don wanda ya shiga uku ya faɗa gidan da ya fi kusa.

Na yi dariya na ce, "Gari da ɓarayi a bar ƙofa a buɗe? Su da suka saba su yi. Kai baƙo ne."

Bai daɗe ba aka shiga zauren gidan da aka sauke shi aka ɗauke masa takalman sanyi. Nan na samu bakin magana. Na sa shi ya yi min alkawari zai riƙa sa sakata. Ina da dalilina. Ina matashi na taɓa tsayawa a dajin Birnin Gwari saboda wani da ya kwanta a titi yana ɗaga hannu, ashe 'yan fashi ne a bayansa. Tabon addarsu yana kafaɗata. Tun daga ranar ban ƙara tsayawa don kowa ba, kuma haka na koya wa 'ya'yana.

Ranar da abin ya faru, azahar ce a wurinmu. Surukata ta yi mana tapau, wato ta sayo shinkafa a shagon abinci na ƙasan benenmu an ƙunso mata. Muna ci ya kira. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe garin, an hana jirgi sauka, abokin zamansa kuma ya maƙale a wurin aiki. Shi kaɗai ne a gida. Muna jin iskar ta waya kamar ana jan kwano a kan titi.

Sai muka ji bugu. Ya juya.

"Baba, ana buga ƙofa."

"Wa kake tsammani?"

"Ba kowa."

"To zauna."

Aka ƙara bugawa, da ƙarfi. Wata murya tana magana, kalmomin suna jan juna. Ya leƙa ta ƙaramar taga ya ce ba ya ganin komai sai inuwar mutum, kuma kamar yana tangaɗi.

Na ce, "Ka ji ko? Mashayi ne. Wataƙila ma shi ya sace maka takalmi, ya dawo ɗaukar sauran."

"Baba, sanyin yau in mutum ya daɗe a waje..."

"Ba shi da gida ne? Kai aka aiko ka ceci garin? Kana da mata da yara a nan. Ban yarda ka taɓa sakatar nan ba."

Ya tsaya tsakiyar ɗaki da waya a hannu. Mutum ne mai iyali, ya yi karatun da ni ban san iyakarsa ba, amma bai taɓa tsallake maganata ba. Bugun ya ragu. Ya koma kamar ana shafa ƙofar da tafin hannu.

Surukata tun da aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Ranar ta ajiye cokali, ta durƙusa gefena.

"Baba, ku yi haƙuri. Ya taɓa gaya min sanyi ma yana sa harshe ya yi nauyi, mutum ya yi tangaɗi. In ba giya ba ce fa?"

"Ke ma kin fi ni sanin duniya?"

"A'a, Baba. Amma ɓarawo da ya ji ba a buɗe ba ai tafiya zai yi. Wannan bai tafi ba."

Na buɗe baki zan amsa, sai ɗana ya ce, "Baba, ka yafe min." Hoton ya juya sama, muka ga silin, muka ji ƙarar sakata, iska ta shigo da ihu. Waya ta yanke.

Surukata ta kira, ba ta shiga. Ta sake, ta sake. Na tashi na nufi ƙofa kamar akwai inda zan je, na tsaya riƙe da ƙarfen ƙofar. Ko na sauka, titin da ke ƙasa ba ya zuwa can. Aka yi la'asar, hadari ya haɗo, ruwa ya sauka kamar yadda ya saba. Na yi salla ban san abin da na karanta ba. Addu'ata ma ta rabu biyu. In ce Allah ya sa ɓarawo ne don in zama mai gaskiya? Ɗana ne fa a ɗakin. In ce Allah ya sa ba ɓarawo ba ne? To ni na tsayar da bawan Allah a waje.

Sai washegari layi ya dawo. Ashe mai bugun dattijo ne kamar ni, mai gyaran famfo, gidansa yana bayan na ɗana. Ya fito duba wani bututu da ya daskare, guguwa ta rufe masa ido, ya rasa hanyar gidansa, safar hannunsa ɗaya ta faɗi. Da lalube ya samu ƙofar ɗana, ya tura kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya ji ta a kulle gam. Ko ɗigon giya babu a bakinsa. Ɗana ya ja shi ciki ya lulluɓe shi har ma'aikaciyar jinya ta iso. Ya rayu, amma yatsu biyu sun yi baƙi, kuma babu jirgin da zai kai shi babban asibiti sai da iska ta kwanta. A can aka yanke su.

Na tambayi ɗana ko da an buɗe da wuri da yatsun sun tsira. Ya ce ba wanda ya sani. Na san yadda yake magana in yana lallaɓa ni.

Da mutumin ya dawo gida na ce a haɗa ni da shi. Ɗana ya ce bai gaya masa da ni a cikin maganar ba, a bar shi haka. Na ce a'a, a gaya masa. Ya kai masa wayar. Na ga tsoho mai jan fuska, idanunsa ƙanana. Na ce, "Ka ce masa ni ne na hana. Yaron ba shi da laifi." Ɗana ya fassara. Tsohon ya kalle ni, ya yi magana kaɗan.

"Me ya ce?"

"Ya ce wane irin gari ne naku, da har mutum zai ji ana bugu ya zauna?"

Na ce ya ba shi labarin dajin Birnin Gwari. Ɗana ya fara, sai na ji labarin a bakinsa ya yi min tsawo, na ce ya bari. Tsohon ya ɗaga hannun da ke naɗe da bandeji, ya miƙa wa ɗana wayar.