Mutumin Nan Mai Sa Ɗaya

A takarda sunana Sani Gazara. Gazaran nan ba sunan ubana ba ne, ba na kakana ba. Hedimasta ne ya tambaye ni sunan mahaifi ranar da aka kai ni firamare, na ce ban sani ba, ya rubuta sunan garinmu. Aji huɗu na yi na bari, sunan ya bi ni.

Ubana ya rasu ina rarrafe, uwata ta bi shi, na tashi a hannun Iya, wadda ta haifi babana. In an yi sallar isha'i sai ta hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu zauna da 'ya'yan maƙwabta muna shan rake. Tatsuniyoyinta duk da "ga ta nan" take buɗe su, ban da guda ɗaya. Ita wannan sai dai ta gyara itace ta ce, "Akwai wani mutum a Taba."

Wai mutumin nan yayansa ya cinye masa gonar gado. Bai kai ƙara ba, bai yi zagi ba. Ya kwance sansa guda ɗaya, ya saɓa garma, ya ce inda san nan ya kwanta, nan ne gida. Suka yi ta tafiya, sa ya ƙi kwanciya a gefen rafi, ya ƙi a gindin tsamiya, sai a wani fako da ko ƙaya ba ta so. Mutumin ya ce magana ɗaya ce. Ya kafa bukka, ya yi ta zuba taki har fakon ya ba da dawa.

Na taɓa ce mata, "Iya, ya sunansa?"

Ta ce, "Angona, ci dankalinka. Bakin da zai faɗi sunan nan ba nawa ba ne."

"To bakin wa?"

"In ka yi gemu ka tambayi masu gemu."

Sai da na yi gemun na gane mijinta take nufi. Matan zamaninsu ba sa kama sunan miji, ko yana kabari. Masu gemun kuwa ban tambaye su ba, ina can ina dakon rake a kasuwar Makarfi, har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.

Bana ɗana Habu ya nemi shiga soja, aka ce ya kawo takardar shaidar asali. Dagacinmu ya ce ya san ni sarai, amma gidanmu baƙi ne, asalinmu Taba, can za a sa hannu. Na hau mashin na je. Dattawa suka ba ni tabarma da ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Suka ce jikan wa? Na ba su labarin sa da garma, ni da furfurata. Wani tsoho ya ce, "Malam, waɗanda suka bar garin nan da sa ɗaya suna da yawa. Kawo suna."

Na dawo. Ranar rufe karɓar takardu ta wuce. Ban yi fushi da kowa ba, ban ma ji komai ba.

Jiya Habu ya ce in dai gaya masa ko mu su waye. Na soma, akwai wani mutum a Taba. Da na zo wajen suna na yi shiru, daidai inda Iya take yi. Ita ta sani.