Ramukan da Aka Bar Mana a Gona

Gonar da na gada daga Baba tana yamma da Makera, a gindin wani tsauni. Tun kafin a samu 'yancin kai wasu mutane suka zo da Bature ɗaya da leburori masu yawa, suka ce akwai ma'adini a ƙarƙashinta. Wasu sun ce kuza suke nema, wasu sun ce zinariya. Baba bai so ba, amma dagaci ya ce masa umarni ne daga sama, kuma in sun gama za su cike ramukan. Suka yi rani suna haƙa, da damina ta kawo jiki suka kwashe kayansu suka tafi. Ba mu sake ganinsu ba.

Baba ya rasu yana zancen ramukan nan. Ni kuwa a lokacin ina da mata da ɗiya ɗaya da ta fara wayo, kuma ba ni da wata gonar sai ita.

Ramukan kamar rijiyoyi suke, bakinsu ƙanana, amma in ka jefa dutse sai ka jima kafin ka ji faɗuwarsa. Da rani ana ganinsu. Da damina ciyawa ke rufe su, dawa ta yi tsawo, mutum bai san inda yake taka ƙafa ba. Wata rana ina noma, nesa da kowane rami, ƙasa ta burma da ni har gwiwa. Na ja jiki na fito, na zauna a kan kunya. A nan na gane ba ramukan da nake gani kaɗai ne abin tsoro ba.

Na je wurin dagaci na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, gonar nan za ta ci mutum."

"Na sani, ɗana," in ji shi. "Amma waɗanda suka haƙa ban san inda suke ba. Zan kai wa hakimi maganar."

Na yarda ya kai, domin daga baya wani malamin hakimi ya zo daga Dutsin-Ma a kan keke, ya leƙa rami biyu, ya girgiza kai, ya koma. Shi ke nan.

Bayan girbi akwai wani Bafulatani da ya saba sauka a gonarmu tun zamanin Baba, shanunsa su ci kara, su bar mana taki. Na zagaya da shi na nuna masa kowane rami, na yanko ƙaya na rufe bakinsu. Duk da haka wani bijiminsa ya taka wurin da babu alamar komai, ƙasa ta tafi da shi. Muka taru da igiyoyi muka yini muna ja. Da ya fito ƙafarsa ta baya ta karye, dole aka yanka shi. Mutumin bai yi mini faɗa ba. Ya dai ce, "Malam, ba laifinka ba ne, amma ba zan ƙara sauka nan ba." Washegari ya kaɗa shanunsa ya nufi wajen Kurfi.

Tun daga nan matata ta daina sakewa. Ɗiyarmu ta saba bin 'yan matan da ke kawo fura gona, sai aka hana ta. Wata rana da la'asar aka neme ta aka rasa. Matata ta fito ko mayafi babu, tana cewa, "Gona! Ta bi ka gona!" Na ruga ina bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ina kwantawa a baki ina kiranta, muryata tana dawo mini. Ina cikin haka ƙanena ya zo da gudu ya ce an gan ta, barci ya kwashe ta a ƙarƙashin rumbun maƙwabta. Ya kama hannuna ya tashe ni daga inda nake kwance.

Da rani na kira gayya. Samarin ƙauye suka zo, muka riƙa ɗebo duwatsu daga tsauni da ƙasa a mangala muna zubawa. Ƙananan ramukan suka cika. Babban cikinsu kuwa, duk abin da muka zuba sai ya shanye. Wani dattijo da ya yi leburanci a wurin ya ce daga ƙasan ramin masu haƙar sun kurɗa gefe, amma ya manta ko gabas suka yi ko kudu.

Sai na haƙura. Na yanke ɓangaren da ke jikin tsaunin gaba ɗaya, na dasa masa shingen bini-da-zugu, na bar shi, alhali nan ne ƙasar ta fi kyau. Abin da ya rage bai isa ya ciyar da mu ba, shi ya sa na fara tafiya cirani. Ko a can, in na ji an ce an yi ruwa mai ƙarfi a gida, ba na iya cin abinci sai na samu wanda ya fito daga wajenmu na tambaye shi lafiyar iyalina.