Giyar Motar Gas a Motar Matan Birnin Tsaba

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙaura, ni da direbana da bakaniken da na daɗe ina hulɗa da shi. Motar da muka shiga ita ce dalilin tafiyar. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a aka raba maza da mata a motocin haya, mutanen Birnin Tsaba suka haɗa hannu suka ce in samo wa matansu mota ta kansu, mai kai su asibiti da kasuwa. Na samo mai injin fetur, jiki lafiya lau, na ce ranar Juma'a zan kai. Sai giyabos ya fara tofar da giya ta uku. Sun riga sun gaya mini idan na saɓa, Gusau za su nufa, kuma dillalin da ƙauye guda ya juya wa baya ya rasa na kewaye ma.

Duk Ƙaura babu irin giyabos ɗin, shi ya sa muka nufi kasuwar Alhamis ta Shinkafi. Direba da gwiwa yake tokare sandar giya, in ya manta ta fice, inji ya yi kuka, bakanike ya yi salati. A Badarawa muka sha koko da ƙosai mai zafi, da araha kamar kyauta. An girbe gero a gonakin bakin hanya, Fulani na kora shanu, ba mai sauri sai mu.

Na sha zuwa Shinkafi, amma kullum sai ta cika mini ido. Raƙuma, albasa tuli-tuli, kanwa, ga mutanen Nijar da rawunansu. Can bayan masu tayoyi muka sami wani dattijo mai tsofaffin kayan mota, ya jawo mana giyabos daga ƙarƙashin buhu. Buwat yake ce masa, yadda mutanen Nijar ke kiransa. A ido, tagwayen namu ne. Har na sa hannu a aljihu ya riƙe ni.

"Dakata, Alhaji. Wanga na motar gas ne, mai ɗaukar kaya. Ba shi zamnawa kai tsaye, kuma ko ya zamna, motarka ba ta ƙara gudu. Ba ni saida maka sai ka ji aibinai."

Na girma a cikin ciniki, na san da ya yi shiru da sai na kai Ƙaura zan gane. Na dubi bakanikena. Ya zagaya ƙarfen, ya leƙa, ya ce mu saya.

A gindin wata tsamiya ya sauke namu, ya jera su biyu a kan tabarma kamar mai shirin fiɗa. Da karan dawa ya yi awo. Ƙoƙon da ke haɗa giyabos da inji ramukan ƙusarsa ba su dace ba, sai ya kwance na tsohon ya ɗaura wa sabon. Haƙoran sandar da ke shiga kuloci sun fi namu kauri, ya koma wurin dattijon ya karɓo faifan kulocin motar gas ɗin, ya haɗa shi da murfin namu. Farfela kuma, sandar da ke juya tayoyin baya, ta yi tsawo. Wani mai walda ya yanke ta, ya ɗora a kan itace biyu yana juyawa yana ɗiga wuta, har ta daina rawa. Ni dai ina zaune da kwanon fura, na manta da ita. Motoci biyu da ba su taɓa shan mai iri ɗaya ba, ga su suna zama abu guda a gabana. Kafin magariba aka tayar, giya ta shiga kamar an shafa mata man shanu.

Mun kwana a can, da safe muka biyo ta Ƙaura muka ɗauki hanyar Zurmi. Maganar dattijo ta tabbata. A kan kwalta inji na ihu, mota na tafiyar amarya, har wata tsohuwar akori-kura ta wuce mu yaran motar suna ɗaga mana hannu. Direba ya ce in mun isa in yi shiru, ba mai ganewa. Na ce wanda ya sayar mana bai yi shiru ba.

Bayan an sauko daga Juma'a dattawan Birnin Tsaba suka kewaye motar. Na gaya musu komai: cikinta haɗe-haɗe ne, ba ta gudu, kuma za ta ɗan fi shan mai. Wani ya fara zancen Gusau. Sai ungozomar garin, wata tsohuwa da mata suka wakilta, ta yi magana daga bayan taro.

"Ɗana, kwalta tamu ce? Kai ta gulbi mu gani."

Ashe a hanyarsu ta asibiti da kasuwa akwai gulbi mai faɗin yashi, inda motoci ke nutsewa. Ta ce a nan ta taɓa karɓar haihuwa, maza na can suna tura mota. Mata suka cika kujeru, aka ɗora buhunan gero a baya. Direba ya sa giya ta ɗaya, ni kuwa ina bakin gaɓa ina ambaton Allah. Motar ta shiga yashin nan tana gurnani, a hankali, kamar sa yana jan garma. Ba ta tsaya ba, ba ta tona ba, har ta haye tudun ƙetare. Guɗa ta tashi daga cikinta. Abin da na kawo a matsayin aibi, shi suka daɗe suna nema.

Da suka dawo tsohuwar ta leƙo ta taga ta ce, "Mu ba gudu muka so ba, hita muka so. Ba su makulli."

A motar haya muka koma Ƙaura, an matse mu a kujerar maza, bakanike na gyangyaɗi a kafaɗata da baƙin mai har gwiwar hannu. Na tafi neman ƙarfe, na dawo da abin da ya fi shi: ka faɗi gaskiyar hajarka, domin ba kai ka san hanyar da mai saye zai bi da ita ba.