Ƙasar da Na Ƙi Zubarwa

A shekarata ta biyu a jami'a, ana gab da tafiya hutu, aka sanar a zumuntar ɗalibai Kirista cewa in mun dawo za a yi makon azumi da addu'a. Aka ce kowa ya taho da ƙasa cikin tafin hannu daga gidan ubansa, za a yi addu'a a kanta. Yawancin 'yan zumuntar daga nesa suka fito, wasu daga Filato, wasu daga kudancin Kaduna, wasu daga kudu can. Ni ce 'yar gida, Bagobira daga wani ƙauye tsakanin Isa da Kamarawa, da zanen gobirci a kumatuna. Masu tsaron ƙofar majami'a sun sha tare ni suna tambaya ko ɓatan hanya na yi. Nakan ce musu tun kafin a haife su ake waƙar sujada a gidanmu, su matsa in wuce.

Zumuntar tana da wani tsari mai kyau. Duk sabon ɗalibi akan haɗa shi da wani babba da zai riƙa yi masa ja-gora cikin bangaskiya. Ni aka haɗa ni da wata malamar kimiyya da muke kira Mama. Kowane mako mukan zauna ƙarƙashin dogon yaro a bayan majami'a, ta tambaye ni inda na ga hannun Ubangiji a kwanakin nan, ta saurare ni. Ita kaɗai na gaya wa rasuwar Innata, da yadda 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauye muka koma cikin garin Isa. Takan ce ina da zafin zuciya amma tana aiki a kaina. Ni kuma in ce mata ta ɗauko wa kanta babban aiki. Ina son matar nan ƙwarai, kuma har yau ban daina ba.

Da na je hutu na tarar da Baba a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ara mana. Mutumin da ya saba cika rumbu da gero da dawa, ga shi zaune a inuwa yana gyara igiyar da ba abin da za a ɗaure da ita. Na ba shi labarin ƙasar ina dariya, na ce zan ɗiba a nan bakin ƙofa, wa zai gane? Bai yi dariya ba.

"Nan ba gidan ubanki ba na," in ji shi. "Ashe akwai masu tuna ƙasarmu da addu'a? Ni za ni ɗebo miki."

Na yi faɗa, na yi magiya, har kuka na yi. Hanyar nan ba ta biyuwa, kowa ya sani. Amma a ganin Baba, in ɗaruruwan masu bi suka ɗora hannu a kan ƙasarmu suka sa mata albarka, to komawarmu gida ta kusa, kuma ba zai aika musu da ƙasar aro ba. Washegari da safe ya hau bayan babur ɗin tsohon maƙwabcinmu, wani Bafulatani Musulmi wanda shanunsa kan kwana a gonarmu bayan girbi su bar mana taki. Shi ne ma ya fara sa magirbi ranar da aka haƙa kabarin Inna, don gidanmu kaɗai ne na Kirista a ƙauyen, ba mu da hannayen da za su isa.

Sai bayan la'asar suka dawo. Baba ya ce rufin ɗakunan ya rufta, rumbu babu komai, amma aduwar bakin gona tana nan, kabarin Inna ma yana nan a ƙarƙashinta. Daga gefensa ya ɗebo ƙasar. Ya miƙo min ita ƙulle a ƙyalle, ja-ja, da ɗan ɓurɓushin taki a ciki.

Da muka koma makaranta, makon addu'ar ya fara lafiya. Muna azumi, muna waƙa, ina cikin mawaƙa kamar kullum. A rana ta ƙarshe aka kawo baƙon mai wa'azi, mutum mai murya kamar injin niƙa, da Turanci yake magana. Aka ajiye babban baho a gaba. A nan ne ya bayyana abin da ake nufi da ƙasar. Ya ce cikin ƙasar gidan uban kowa akwai alkawuran kakanni da la'anar da ke bin zuriya. Kowa zai ɗaga tasa sama, ya ce la'ananniya ce, ya ce ba shi ba ita, ya zuba a baho, a kai bayan gari a zubar.

Na duba ko'ina, na ga mutane sun ɗaga ledojinsu suna kuka, wasu da gaske suke, don kowa ya san abin da ya baro a gidansu. Ban raina hawayen kowa ba. Na dai damƙe ƙullina na sunkuyar da kai, da niyyar in sulale in fita.

Sai na ji mai wa'azin yana tambaya ina yarinyar nan ta bakin iyaka, wadda aka kore su daga ƙauyensu. Mama ce ta ba shi labarina, don ƙauna, tana so a yi min addu'a ta musamman. Aka buɗe min hanya har gaba. Ya dafa kaina ya ce wa jama'a su dubi wannan, ƙasarsu ta sha jini, ƙasar duhu ce, mutanenta ma a ɗaure suke, yau za a raba ni da ita. Ya ce in maimaita abin da zai faɗa.

Na ƙi maimaitawa. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya kawo abin maganar bakina. Zuciya ta ɗebe ni, Turancin duk ya gudu, na amsa masa da harshen gidanmu.

"Ba za ni zuba ba. Innata na kwance cikin ƙasag ga, kuma mai bi ta. Ubana ya sa ransa ga hanya yaɗ ɗebo ta don a sa mata albarka. In za ku sa mata, ga ta. In ba ku sawa, ku ba ni hanya."

Rabin ɗakin ba su ji abin da na ce ba, mai wa'azin ma sai da wani ya fassara masa. Ya ce wa jama'a sun gani ko, ruhun ƙasar ne ke magana ta bakina, a tsananta addu'a. Wasu suka kewaye ni suna tsawata wa abin da babu shi. Wata ta kai hannu za ta karɓe ƙullin. Na kalle ta kallo ɗaya, ta janye hannunta. Na ratsa ta tsakiyarsu na fita da ƙafafuna, ba gudu ba.

Kafin mako ya zagayo an dakatar da ni daga mawaƙa, an ce sai na nemi gafara a gaban zumunta. Waɗanda muke cin abinci tare suka koma gaishe ni daga nesa. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, domin a duk rayuwata wannan ne wuri na farko da na zauna cikin masu bi da yawa ban ji ni bare ce ba.

Ranar zamanmu na je ƙarƙashin dogon yaro, na tarar da Mama tana jirana. Ta ce na kunyata ta, na kunyata baƙo, ko da ina da gaskiya akwai yadda ake faɗinta, kuma biyayya ga na gaba ba ta taɓa cutar da mai bi ba. Na bar ta ta gama. Sannan na ajiye ƙullin a kan benci tsakaninmu, na ce Baba zai tambaye ni ko an yi addu'ar, ina roƙonta ta ɗora hannu ta sa albarka, ko da kalma ɗaya ce. Ta daɗe tana kallon ƙyallen, idonta ya kawo ruwa. Ta ce tana ƙarƙashin shugabanni, ba za ta warware abin da suka ɗaure ba, in fara neman gafara tukuna.

Na ce to. Na durƙusa a nan gabanta, na kwance ƙullin, na ɗora hannuwana biyu a kan ƙasar. Na roƙi Ubangiji ya sa albarka ga gonar, da aduwar, da wadda ke kwance a ƙarƙashinta, da maƙwabcinmu da shanunsa, ya mai da kowa gidansa. Da ƙarfi na yi, masu wucewa suna tsayawa. Mama ba ta ce amin ba, amma ba ta tashi ba sai da na gama. Gafarar kuwa ban nema ba, ban kuma koma cikin mawaƙa ba har na bar makarantar.

Da yammacin ranar na kira Baba a waya. Ko gaisuwa bai bari mun ƙarasa ba ya tambaya ko an sa mata albarka. Na ce an sa.

"Wa yas sa?"

"Ni nis sa, Baba."

Bai tambaye ni ina sauran jama'ar ba.

"To, madalla," in ji shi. "In kin tashi zakkuwa ki taho da ita. Inda niɗ ɗebe ta, nan za ni maida ta."