Masakin Inna da Wayar Baba Kofur

Wata safiyar Laraba, bayan girbin dawa na shekarar 1956, ina tsugune a bayan madafi a gidanmu na Zuru ina cuɗa akushi da toka, sai na ji zanena ya jiƙe. Na duba, ashe masakin wanke-wanke ne yake yoyo. Wata 'yar tsaguwa ce a gindinsa, ba ta kai tsawon yatsana ba, ruwan da na sha wahalar ɗaukowa daga rafi yana bin ƙasa zuwa wajen kaji. Ina da shekara tara a lokacin, kuma wanke-wanken gidan duk a wuyana yake kafin in tafi elementare.

Masakin nan ba ƙwarya ce kawai ba. Da shi Inna, mahaifiyata, ta zo daga Wasagu ranar da aka kawo ta, kuma na uwarta ne wadda ta rasu tun ban zo duniya ba. Ya yi ja saboda tsufa, yana da faɗin da ake zaunar da jariri a ciki a yi masa wanka. Da Inna ta ga tsaguwar ba ta damu ba. Ta ce in kife shi a inuwa, ran kasuwa gyartai zai zo, wato tsohon da ke yawo gida-gida yana ɗinke ƙoren da suka fashe. Na sha ganin aikinsa: ya jiƙa ƙwarya, ya huda da basilla a hankali, ya ɗinke da zaren kaba, wanda in ya sha ruwa yakan kumbura ya toshe kafar da kansa.

Sai ga Baba Kofur, wan mahaifina. Tun da ya dawo daga soja ba abin da ya ajiye sai baki da wani tsohon takalmi da yake gogewa kullum. Noma ya fi ƙarfin bayansa, in ji shi, amma ba ya fin ƙarfin cikinsa in an sauke tuwo. Babu sana'ar da bai iya ba in ana hira a ƙarƙashin tsamiya. Ya tura masakin da ƙafa ya ce, "Gidan ga da soja ciki, a kira gyartai? Ni ka gyara shi." Babana ya tafi Mahuta sayar da dawa, Inna kuwa ba ta iya musu da wan miji, ko sunansa ba ta faɗi. Ta sunkuyar da kai. An ce in mutum ya ce zai haɗiye gatari a riƙe masa ƙota, to amma wannan karon ba maƙogwaronsa za a yi gwajin da shi ba.

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida kamar mai shirin yanke shari'a, ya fito da ƙusa da guduma da wata waya mai tsatsa. Bai jiƙa masakin ba, ya ce jiƙawa aikin ƙauyawa ne. A bushe ya dinga buga ƙusa, kowane bugu ina jin sa a haƙorina, har ya yi huji goma sha biyu inda huɗu za su isa. Ya zura waya yana ba mu labarin manyan motocin da ya gyara, waɗanda har ya mutu ba mu ga mai shaida ba. Ya murɗa, ya ƙara murɗawa don a ga ƙarfi. Sai muka ji ƙas. Tsaguwar ta bi hujin nan ɗaya bayan ɗaya har baki, masakin ya rabe biyu a cinyarsa. Ko kunya babu, ya karkaɗe wandonsa ya ce dama ƙwaryar ta ruɓe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na gaba. Inna ta zo ta durƙusa, ta tattara ɓarayen masakin, ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Shi kuma gogan ya amsa.

Ran kasuwa ta naɗe su a zane ta aike ni wajen gyartai. Ya juya su ya juya, ya shafa hujin da babban yatsa, ya miƙo mini. "Ɗiyata, tsaguwa ana ɗumke ta. Wanga kam kashe shi anka yi." Da na faɗa wa Inna, ta ce ba komai, ta shige ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Yau jikokina a bahon roba suke wanke-wanke. In ya huje su jefar a bola su sayo wani, babu mai rasa abincin dare a kai. Gyartai sun ƙare a garin, amma irin su Baba Kofur sai ƙaruwa suke yi, ina ganinsu kullum da guduma a hannu. Inna ta rasu ba ta taɓa ambatar maganar ba. Ita ta yafe masa, ni kuwa har yanzu ban iya ba.