Inji Mai Zuciya Huɗu

Ranar kasuwar Dogon Dutsi goggona ta faɗo shagona na ɗaukar hoto, ko sallama ba ta ƙarasa ba. "Ɗana, bidiyon bikin nan nake so a kai wa tsoho, yau ɗin nan." Mijinta na kwance a Sukukutane, ciwon ƙafa ya hana shi zuwa bikin autarsa. Motar garinsu kuwa in ta tashi da la'asar, sai wata kasuwar.

Bidiyon gunduwa-gunduwa ne, tuli guda, kowanne sai na rage masa nauyi kafin ƙaramar waya ta buɗe shi. Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ita ko a jikinta. Na duba abin da ya saura, na ga ko magariba ba mu gamawa.

Na kira abokina da ya karanci na'ura a Yamai, na buɗe muryar wayar, goggo na ji. Ya tuntsire da dariya. "Kai baƙauye ne wallahi! Injinka zuciya huɗu gare shi, kai kana noma da guda. Yi musu gayya mana! Raba aikin huɗu, kowa ya kama kuyyarsa."

Goggo, haifaffiyar Lugu, garin 'yan bori, ta yi zumbur ta miƙe. "Zuciya nawa? Yaro, abin da ke da zuciya huɗu ai aljana ce, doguwa!"

Ina dariya ina rubuta abin da yake faɗa mini. Ina dannawa, fankar injin ta ɗauki kuka.

"Ka ji ko? Ta hau!" in ji goggo. Sai ta matso, ta rage murya. "Sannu uwar gida, sannu da aiki."

Layi huɗu suka fito a allo suna tsere. Wayyo daɗi! Ni da gemuna ina tsalle ina buga tebur, goggo ta manta tsoro tana yi wa na ukun faɗa wai rago ne, tuwon gayya kawai ya zo ci. Maƙwabcina tela har ya leƙo ya ga ko lafiya.

Kafin kiran la'asar suka gama. Na juye bidiyon a katin waya, na cusa mata, na goya ta a babur, muka tarar ana ɗaure kaya a kan mota.

Washegari ta kira ni, ta kara wayar kusa da mijinta. Na ji tsohon yana dariya yana tari, yana cewa, "Maida baya, maida baya, ban gama kallon ɗiyata ba."